Sawun Hannu a Gindin Dabino

Gara in faɗa tun da wuri, ni ban iya bambanta sawun jaki da na ɗan maraƙi ba, kuma na taɓa bin sawun kaina har ƙofar gida ina murna na yi baƙo. Saboda haka duk abin da za ku ji a nan game da ƙasa da abin da take riƙewa, daga bakin Boyi ne, mai bin sawu, wanda muke shan shayi tare tun kanmu na baƙi. In an sami kuskure, nawa ne. In an sami ƙari, nasa ne.

Abin ya faru a wani kwari gabas da Gure, irin kwarurrukan nan da tudun rairayi ya kewaye, ruwa kusa, rogo da dabino kore shar. Ƙarshen bazara ne, dabino ya nuna. Alhaji Zubair, mai garkar da ta fi kowace girma a kwarin, ya fito da safe ya ɗaga kai, ya tarar da Mai Zuma tsirara. Mai Zuma ita ce dabinon da ba ya sayar da ƴaƴanta, sai dai ya aika wa surukai da manyan mutane. An yanke su kaf, nono bayan nono, ba a bar gungu ko ɗaya a sama ba.

Kafin a aika wa Boyi, duk garin ya riga ya zo ya gani. Maza sun zo, mata sun zo, awaki sun biyo mata. Boyi ya tsaya bakin darni ya dubi ƙasar da aka tattake kamar filin dambe.

"Kun kyauta," ya ce. "Saura ku kawo shanu su ma su ga abin mamaki."

"Ba sai ka wahala ba, Boyi," in ji Alhaji Zubair. "Ɓarawon ya bar mana hannunsa. Shaida kawai nake so ka yi."

Ya ɗaga wata ƙwarya da aka kife a gindin dabinon. A ƙarƙashinta, cikin damshin bakin magudanar ruwa, akwai sawun hannun dama. Ga tafi, ga babban yatsa, ga yatsu biyu a miƙe. Sauran biyun, ƙarami da na kusa da shi, an naɗe su cikin tafin, sai bayan gaɓoɓinsu ne ya danna ƙasa.

Jama'a suka yi wannan ƴar gunaguni da ake yi in an riga an yanke hukunci. Babu wanda ya ambaci suna, amma duk idanu suka juya wajen bukkar da ke ƙarshen garka. Idirisa na tsaye a ƙofarta, hannun dama cikin hannun riga kamar kullum. Shi ne mai hawan dabinon Alhaji, shi ke yi musu barbara da sanyi, shi ke yanka da bazara, kuma a bukkar nan yake zaune da matarsa Habsu. Shekaru kaɗan baya wuƙa ta kuɓuce masa a saman itace ta yanke shi kusa da gwiwar hannu. Ciwon ya warke, amma yatsu biyu suka ƙandare.

"Bukka na ba shi, ruwa na ba shi, rogo yana tona ba na tambaya," in ji Alhaji. "Gobe kasuwa, motar jandarma na zuwa. In dabinona bai fito ba, da shi za ta koma. Bukkar kuma ko yau ina son abata."

Boyi ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙarar da suka saba. Ya daɗe yana kallon sawun. Ya yi kyau ƙwarai, ko'ina ya fito, babu zamewa, babu gaggawa. Mutumin da ya sauko daga dabino da kayan sata a ƙasa yana jiransa ba ya tsayawa ya dafa ƙasa a natse haka. Akwai kuma wani ɗan siririn layi da ya gitta yatsan tsakiya. Boyi ya gani, ya ajiye a ransa.

"Wa ya fara ganinsa?"

"Ni ne, Baba Boyi." Wani saurayi ya matso yana kaɗa makullin moto. Fadilu ke nan, ƙanen matar Alhaji, ɗan kabu-kabu in ya ga dama. "Ni na kife ƙwaryar. Ba don ni ba da ba ka sami abin dubawa ba."

"Allah shi yi albarka," in ji Boyi, ya mayar da ƙwaryar. "Kada kowa ya taɓa ta sai gobe."

*

Bayan darni ta arewa, inda ƙafar gari ba ta kai ba, Boyi ya sami sawun raƙumi, sabo, ya tsaya daf da garka sannan ya juya. Ƴan taku gaba sai ga ƙwallon dabino a rairayi. Gaba kaɗan sai ga wani. Zuciyarsa ta yi fari. Ya bi sawun tudu bayan tudu, rana na dukan ƙeyarsa, yana tsara yadda zai ba da labarin a kasuwa, har sawun ya kai shi gindin wata aduwa. Hamidu makiyayi na kishingiɗe a inuwa, raƙuminsa na tuƙa, shi ma yana tuƙa.

"A'a, Babarbare da tsakar rana!" in ji Hamidu. "Yunwa ce ta koro ka wajen ubangidanka?"

"Sata ce ta kawo ni wajen masu ita. Bafillace, me kake ci?"

Hamidu ya miƙa masa leda. Dabino ne dogo busasshe, irin wanda ake saukowa da shi daga arewa ana sayarwa a kowane tebur. Boyi ya fito da ƙwallayen da ya tsinto ya gwada. Dogaye ne sirara. Ƙwallon Mai Zuma gajere ne mai ƙiba, kowane yaro a kwarin ya san wannan, kuma da Boyi ya duba tun a ƙwallo na farko da bai sha wannan rana ba.

"Me ya kai ka bayan garkar Alhaji?"

"Ruwa na je roƙo da asuba, na ji hayaniya na juya. Ni da Alhaji ai ka sani, tun bara yake cewa awakina sun ci masa rogo." Hamidu ya tofar da ƙwallo. "Kai, Boyi, dube ni da kyau. Ni da ko kan raƙumi sai ya durƙusa nake hawa, ni zan hau dabino? Mu Allah bai ajiye mana komi a sama ba sai ruwa."

Boyi ya sha nonon da aka ba shi, ya ci dabinon shaida, ya kamo hanya.

*

Da la'asar ya biya ta fadar samari a gindin durumi, inda ake dafa shayi ana gyara duniya. Fadilu na tsakiya yana ba da labari, kuma da ya zo kan Idirisa sai ya naɗe yatsu biyu cikin tafi, ya maƙale hannun a ƙirji, ya yi kamar zai karɓi kofin shayi ya kasa. Aka fashe da dariya. Boyi ma ya yi, don Fadilu ya iya, kuma ba yau ya fara ba. Tun shekarar da abin ya sami Idirisa yake wannan wasa, a fada, a bakin rijiya, a gidan biki.

Sai Boyi ya katse dariyarsa. Hannun da Fadilu ya yi, shi ne hannun da ke ƙarƙashin ƙwarya. To, in kwaikwayo ya yi kama da asali, ai ba laifi ba ne. Amma Boyi ya nemi asalin a cikin kansa ya rasa.

"Samari, in tambaye ku. Wa ya taɓa ganin hannun Idirisa?"

"Kowa ya san shi, Baba."

"Ban ce wa ya sani ba. Wa ya gani?"

Samari suka dubi juna. Mai dafa shayi ya ce, "Haba Baba, a tsura wa mutum ido a kan nakasarsa? Ai ba tarbiyya ba ce."

Gaskiya ya faɗa. In Idirisa zai gaisa, wuyan hannu yake miƙowa a cikin riga, mai karɓa kuma ya kau da kai ya dubi wani wuri, don kara. Ba ya cin tuwo cikin taro. A masallaci ƙarshen sahu yake tsayawa, dama na bango. Garin nan kaf, da ladabinsa da kunyarsa, ya bar hannun Idirisa a cikin riga, ya je yana kallonsa a jikin Fadilu. Boyi, wanda ake cewa yana gane akuya mai ciki daga sawunta, shi ma a nan ya san shi.

*

Boyi ya je bukkar Idirisa, ya tarar da Habsu tana ɗaure tukwane cikin zane. Suka gaisa, ta shimfiɗa masa tabarma. Da ta miƙo masa ruwa, mayafi ya zame, Boyi ya ga damatsanta. Tabo ne a kai, tsofaffi da sababbi, dogaye sirara. Ƙayar dabino ce kawai ke rubutu irin wannan. Ta ja mayafin ta rufe.

"Idirisa," in ji Boyi, "ka yafe ni. Hannun nake son gani."

Idirisa ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya zaro shi ya ɗora bisa gwiwa. Boyi ya tilasta wa idonsa ya tsaya. Yatsun biyu ba su naɗe cikin tafi ba. Daga gindi sun gantsare baya, daga tsakiya suka lanƙwaso gaba, kamar ƙafar shaho da ya kama iska. Naman gefen tafin ya tafi. Tsakanin babban yatsa da manuni akwai rami da zai riƙe ruwa. Boyi ya zare tsinke daga tabarma ya sa masa tsakanin yatsu.

"Riƙe."

Tsinken ya faɗi.

"Likita a Damagaram ya ce jijiya ce ta yanke, naman da take ciyarwa ya shanye," in ji Idirisa. "Shekarar farko na yi ta hawa da ƙarfin hali. Ta biyu wuƙa ta fara faɗuwa daga hannuna. Ran da na zamo daga rabin itace, Habsu ta ce ya isa."

"Ita ke hawa."

"Da sassafe, kafin kowa ya fito. Ni ina ƙasa ina gaya mata wanda za ta yanka, in karɓi igiya da hagu. Ubanta mai dabino ne, tun tana yarinya ta iya."

"To ai magana ta ƙare. Gobe ka dafa ƙasa kusa da wancan sawun, kowa ya gani."

"A'a, Malam Boyi." Idirisa ya mayar da hannun cikin riga. "In Alhaji ya ga wannan, ya san ba ni ke hawa ba. Zai ce na ci amanarsa, na sa mace a kan dabinonsa. In jandarma suka tafi da ni, wata nawa ne? Ɓarawo na fitowa daga kaso ya sami aiki wani kwarin. Mai mataccen hannu fa, wa zai ɗauka?"

"Ji wata magana," in ji Habsu daga wajen tukwane, ba ta juyo ba. "Ni in zauna a ce mini matar ɓarawo, don a rufa wa hannu asiri? Ƙaya na sha, Malam, ban sha ta don a kira ka ɓarawo ba."

"Ke ba ki san yunwa ba."

"A gidanka na san ta, kuma ba ta kashe ni ba."

Boyi ya tashi. Ya yi alkawarin zai gwada fitar da shi ba tare da an ga hannun ba. Bai yi alkawarin zai iya ba.

*

Da hantsi aka taru gindin Mai Zuma, gaban Bulama mai garin. Alhaji Zubair na kan kujera. Hamidu ya zo, don an ce ya zo, kuma don ba ya son a ba shi labari. Idirisa na gefe, Habsu na bayan darni tare da mata. Boyi ya sa aka zuba ruwa bakin magudana aka shafe wuri sumul kusa da ƙwaryar.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa Bulama, "tsufa ya fara ci mini ido. Ina son in gwada sawun nan da wani, amma ba zan kunyata bawan Allah a gaban jama'a ba. Ko akwai wanda zai nuna mana yadda hannun yake?"

Samari suka fara turo Fadilu suna dariya. Ya ɗan noƙe, amma mai wasa ba ya ƙin taro. Ya naɗe yatsu biyu, ya durƙusa, ya danna. Boyi ya ɗaga ƙwaryar. Sawu biyu suka kwanta kafaɗa da kafaɗa kamar tagwaye, faɗinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, kowanne da siririn layi a yatsan tsakiya.

"Zobenka na da kyau," in ji Boyi.

Fadilu ya dubi zoben azurfar da ke hannunsa, ya dubi ƙasa, sannan ya yi dariya. "Baba Boyi, kwaikwayo kuka ce in yi. In ya yi kama, ai don na iya ne. Zobe kuwa rabin garin nan na da shi. Wa ya san abin da Idirisa ke sawa cikin rigarsa?"

"Yaron ya yi gaskiya," in ji Alhaji, wanda ya fara zufa, don yana tuna da wa zai kwana gida ɗaya. "Wannan ba hujja ba ce. Kowa ya san haka hannun Idirisa yake."

Jama'a suka gyaɗa kai. Bulama ya dubi Boyi. Daga nesa ana jin kukan mota a hanyar kasuwa, ko ta jandarma ce ko ta masu kanwa, ba wanda ya sani. Boyi ya laluba kansa bai sami wata dabara ba. Bai dubi Idirisa ba, don ya yi alkawari.

Daga bayan darni muryar Habsu ta fito, ba da ƙarfi ba, da mijinta take.

"Malam. Fito da shi."

Idirisa ya tsaya kamar bai ji ba. Can ya tako ya durƙusa, ya janye hannun riga da haƙori, ya ɗora hannun a kan damshi, ya danna shi da na hagu don ba shi da ƙarfin danna kansa. Da ya ɗaga, abin da ya bari bai yi kama da na kowa ba. Gefen tafin ko fitowa bai yi ba. Inda sauran sawun biyu ke da bayan gaɓoɓi a naɗe, nasa ƴan ramuka biyu ne da kan farce ya caka, kamar kaza ta taka.

Wannan karon ba wanda ya kau da kai. Duk garin ya kalli hannun, ya ƙoshi.

"Wanda ya ajiye wancan sawu," in ji Boyi, "bai taɓa ganin hannun Idirisa ba. Hannun wasan Fadilu ya sani. Mu ma shi muka sani, shi ya sa muka yarda."

Bulama ya ce Fadilu ya naɗe wandonsa. Ƙwaurinsa duk sabon karce. Daga nan bai wahalar da kowa ba. Rabin dabinon na cikin buhuna a ɗakin abokinsa, rabi ya riga ya kama hanyar Gidigir a bayan moto. Ya ce wasa ne ya yi nisa, wai ya zaci ba wanda zai kai nakasasshe gaban hukuma.

Alhaji Zubair bai saurare shi ba. Hannun Idirisa yake kallo, sannan ya ɗaga kai ya auna tsawon Mai Zuma, ya sake dawowa kan hannun.

"Idirisa, da wannan kake hawa mini?"

Boyi ya sami wata tururuwa a ƙasa ya shiga binciken inda za ta. A bayan darni wata mace ta gyara mayafi.

"Allah ke hawar da ni, Alhaji."

"Allah Sarki," in ji Alhaji.

*

Motar ta masu kanwa ce. Jandarma sun zo da azahar, aka ce musu magana ta gida ce, an gama ta. Matar Alhaji ta yi kuka, ƙanenta ya yi rantsuwa, Bulama ya yi nasiha. Mutane suka yi ta zuwa bukka suna ba Idirisa haƙuri, kowa na miƙa hannu yana kallon nasa ido cikin ido, don yanzu ba sauran abin ɓoyewa. Alhaji da kansa ya zo, ya nemi gafara a gaban shaidu, ya kawo masa sabuwar riga mai dogon hannu.

Sunan Boyi ya kai har Gure. A kasuwa ana cewa ya karanta zobe a cikin rairayi, wasu ma sun ce ya faɗi maƙerin da ya ƙera shi. In an tambaye shi yakan ba da labarin duka, ban da tafiyarsa wajen Hamidu, wadda ni nake cike masa. In aka zo kan Habsu yakan ce shayi ya huce.

Kafin ruwan farko Idirisa da Habsu suka koma Gamu wajen ƴan'uwanta. Ba a kore su ba, Alhaji ya dai ce tsoron Allah ba zai bar shi ya ƙara sa mai lalura hawan itace ba, bukkar kuma ta mai hawa ce. Ya nemi wanda aka tabbatar ya iya hawa da sauri, ya iya yanka da kyau, kuma ya san garkar. Fadilu ke hawan Mai Zuma yanzu.